Jawabi ga masu shawarar tashi daga bakin iyaka

 

Tun da aka fara rubuta sunayen masu son komawa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau ko Cadakori, tambaya ɗaya muke sha a ofishin kariya: dole ne? Ba dole ba ne. HCR ba ta ɗora kowa a mota sai da yardarsa, kuma ba a biyan ko dala. Wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sa sunanku, ku zo ku faɗa mana.

Me ya sa ake son ku matsa ciki? Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta ce a zaunar da 'yan gudun hijira nesa da iyakar ƙasar da suka baro. Ku kun fi mu sanin dalili. Baburan 'yan bindigar da suka koro ku daga Sabon Birni da Isa ba su san inda Najeriya ta ƙare ba.

Ba za mu ɓoye muku abin da za ku bari ba. Wani mai masaukinsa ya ara masa gona, gero ya fara fitar da kai. Wani kuma yakan lallaɓa ya tsallaka ya duba gida, ya dawo kafin magariba, daga can kuwa wannan zai yi wuya. Mu dai ba mu lissafa shi cikin asara ba, don mun zauna da matan da mazansu suka tafi duba gona har yau shiru.

Roƙonmu ga magidanta: kada ku zo ku ba da suna ku kaɗai. Ku zauna da matanku tukuna. Su ke ɗebo ruwa, su ke shiga daji neman itace, sun san tsoron da ba ku sani ba. In akwai tsohuwar da ba ta iya doguwar tafiya, ko yaron da ke hannun dangi a wani ƙauye, ku gaya mana kafin ranar tashi don kada a raba iyali.

Ku duba takardar rajista yau. Jaririn da aka haifa bayan an yi ta, a kawo shi a ƙara sunansa. Macen da ke da maganar da ba ta son faɗa gaban jama'a, ta tsaya bayan an watse, abokiyar aikinmu za ta saurare ta ita kaɗai.