Ƙuri'ar Wanda Ya Bar Gida

Hausawa su kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shekara da shekaru dokokin zaɓe na ƙasashen duniya sun yi na'am da wannan karin magana, domin da zarar mutum ya ƙetare iyaka ya zauna a wata ƙasa, sai a soke sunansa daga littafin masu jefa ƙuri'a. Amma yanzu al'amarin ya fara sakewa, kuma da wuya a sami wurin da bambancin ƙasa da ƙasa a kan wannan batu ya fito fili kamar birnin Madina.

A Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa cikin 1961, akasarin ɗalibai baƙi ne daga sassan duniya dabam-dabam. A ɗauki misalin uku daga cikinsu: ɗaya daga Birmingham ta ƙasar Ingila, ɗaya daga Maraɗi, ɗaya kuma daga Kano. Malaminsu ɗaya, littafinsu ɗaya, sahu ɗaya su ke bi a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma in zaɓe ya zo a ƙasashensu, kowa da irin matsayin da doka ta ba shi.

A fara da mutumin Birmingham. Kafin 1985, in ban da sojoji da ma'aikatan gwamnati da aka tura aiki waje, Birtaniya ba ta yarda 'yan ƙasarta mazauna ƙetare su yi zaɓe ba. A wannan shekara, zamanin mulkin Margaret Thatcher, aka yi dokar da ta ba su dama, amma ta shekara 5 kawai daga barinsu gida. Cikin 1989 aka ƙara wa'adin ya kai shekara 20, sa'an nan dokar 2000, zamanin Tony Blair, ta rage shi zuwa 15. Watau ɗalibin da ya zo Madina karatu, ya gama, ya sami aikin koyarwa ko fassara ya zauna, ranar da ya cika shekara 15 ƙuri'arsa ta faɗi, ko da kuwa iyayensa da gidansa duk suna Ingila.

Wanda ya fi kowa yaƙi da wannan ƙa'ida wani tsohon soja ne mai suna Harry Shindler, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu a Italiya, daga baya kuma ya koma can da zama. Ya kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, ta yanke hukunci cikin 2013 ba ta ba shi gaskiya ba. Ya sake zuwa kotu cikin 2016 domin a bar ire-irensa su sa hannu a ƙuri'ar raba gardama kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, nan ma bai yi nasara ba. Amma mai haƙuri ya kan dafa dutse. Cikin 2022 majalisa ta soke wa'adin ɗungum, sabuwar dokar kuma ta fara aiki ran 16 ga Janairu, 2024. Shi dai Shindler ya ga an sa wa dokar hannu, amma bai ci moriyarta ba, domin ya rasu cikin Fabrairu, 2023, yana da shekara 101.

To, yaya a ke yin rajistar? Mutum zai cika takarda, galibi ta intanet, ya ba da bayanin fasfonsa da lambar inshorarsa ta ƙasa, ya kuma faɗi adireshin da ya yi rajista na ƙarshe a Birtaniya, ko inda ya zauna na ƙarshe in bai taɓa rajista ba. Ofishin zaɓe na ƙaramar hukumar wannan wuri shi zai bincika. In babu takardar shaida, wani mai rajista yana iya tsaya masa. A wannan mazaɓa za a lissafa ƙuri'arsa, kuma a zaɓen Majalisar Wakilai, ban da na ƙananan hukumomi. Dole ne ya sabunta rajistar duk bayan shekara 3. Wanda kuwa bai taɓa zama a Birtaniya ba, ko da yana riƙe da fasfonta, ba shi da wannan dama.

Rajista dabam, jefa ƙuri'a dabam. Birtaniya ba ta ajiye akwatin zaɓe a ofishin jakadancinta na Riyad, ko a ƙaramin ofishinta na Jidda. Wanda bai koma gida ba hanya biyu ce gare shi: ko a aiko masa da takardar ƙuri'a ta gidan waya, ko ya naɗa wakili amintacce ya jefa masa. Hanyar gidan waya tana da cikas, domin ba a buga takardun sai an rufe karɓar sunayen 'yan takara, watau saura ranakun aiki 19 a yi zaɓe. Cikin wannan ɗan lokaci takarda za ta zo Madina, ta koma Ingila kafin ƙarfe 10 na daren ranar zaɓe. In ta makara da minti ɗaya, ta zama takardar ƙunshe ƙosai.

Zaɓen ran 4 ga Yuli, 2024, shi ne zakaran gwajin dafin sabuwar dokar. An rufe rajista ran 18 ga Yuni, wadda ta zo daidai da 12 ga Zulhajji, alhazai suna Mina suna jifa, mutanen Madina kuma suna shirin karɓar baƙi masu ziyara. Gwamnati ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 3 ne su ka cancanta, amma waɗanda su ka yi rajista daga ƙetare ba su kai 200,000 ba, ƙasa ma da na zaɓen 2019. Cikin takardun da aka aika waje ta gidan waya kuwa, wajen rabi ne kawai su ka dawo a kan lokaci. Ashe ba da dama a kan takarda ba ya isa, sai an gyara hanyar da za a bi a kai gare ta.

Mutumin Maraɗi shi kuma tasa ƙasar wata hanya ta bi, irin ta Faransa. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki 'yan ƙasarta mazauna waje tamkar jiha ta tara, ta keɓe musu kujeru 5 cikin 171 na majalisar dokoki, aka kuma zaɓi masu hawansu cikin 2016. A zaɓen Disamba, 2020, annobar korona ta hana a yi musu rajista, sai daga baya aka cike kujerun. Juyin mulkin ran 26 ga Yuli, 2023, ya zo ya rushe majalisar baki ɗaya.

Saura Bakano. Shi tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗaure shi, domin sashe na 77 da na 117 sun ce mai zama a Nijeriya lokacin rajista shi ne a ke sa wa suna a littafin zaɓen 'yan majalisa. In yana son ya yi zaɓe, sai ya sayi tikitin jirgi ya koma rumfar da ya yi rajista. Ran 1 ga Maris, 2022, Majalisar Dattawa da ta Wakilai su ka yi watsi da ƙudurin gyara wannan ƙa'ida, saboda haka aka yi zaɓen 2023 ba da mazauna ƙetare ba. Gyaran kuwa ba ƙaramin aiki ba ne: sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun yarda, haka nan majalisun jihohi 24 cikin 36.

A Hijaz wannan batu yana da wani kulli na musamman, domin zaman Hausawa a can ya girmi Nijeriya kanta. Tun da daɗewa alhazai su kan bi ta Chadi da Sudan a ƙafa, su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, waɗansu ba su komawa. Bayan yaƙin Burmi na Yuli, 1903, inda Turawa su ka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, jama'a masu yawa sun ci gaba da hijira gabas. Ɗansa Mai Wurno ya zauna a Sudan, waɗansu kuma su ka isa Madina, cikinsu har da Alfa Hashim, wanda ya rasu a can cikin 1931. Jikokin irin waɗannan mutane waɗansu sun zama 'yan ƙasar Saudiyya, a kan ji sunayensu da Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Waɗansu kuwa an haife su a can, Hausa su ke yi a gida, amma ba su da takardar kowace ƙasa. Duk ranar da Nijeriya ta buɗe rajista a Jidda, tambaya ta farko ita ce, wane ne ɗan ƙasa?

Masu goyon bayan ƙuri'ar ƙetare suna cewa 'yan Nijeriya mazauna waje suna aika wajen dala miliyan dubu 20 gida kowace shekara, kuɗin da ke biyan makaranta da asibiti da gina gidaje. Wanda ya ke ɗauke da irin wannan nauyi, in ji su, bai kamata a rufe masa baki ba. Suna kuma nuni da 'yan Filifin da 'yan Indunisiya, waɗanda ke yin zaɓen ƙasashensu daga nan Saudiyya, da Senegal wadda ta ba mazauna waje kujeru 15 cikin 2017.

Masu ja da baya su ma suna da tasu hujjar. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma mai zaɓe daga nesa yana iya jawo ruwan da zai doki wani. Suna kuma tambaya, wa zai sa ido a kan akwati a ƙasar da jam'iyyu ba su da damar yin taro? Bugu da ƙari, ɗan takarar shugaban Nijeriya sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. To, ƙuri'ar da aka jefa a Madina, a wace jiha za a lissafa ta?

Wannan tambaya ta ƙarshe an riga an ba ta amsa iri biyu. Birtaniya ta mai da kowa mazaɓarsa ta asali, Nijar da Faransa kuma su ka keɓe kujeru na musamman. Kowace hanya da nata aibi, kamar yadda zaɓen 2024 da na 2020 su ka nuna. An sake gabatar da ƙudurin a majalisar Nijeriya da aka rantsar cikin 2023, kuma duk majalisar da ta amince da shi, aikin da zai biyo baya shi ne tantance 'yan ƙasa, da buɗe wuraren rajista kusa da inda su ke zaune, da tabbatar da cewa ƙuri'ar da aka jefa ta isa gida kafin a rufe ƙidaya.