Ma'aunin tsadar rayuwa: tiyar wa ake aunawa?

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. A cikin wannan shekara farashin kaya a Nijar ya hau da fiye da kashi 30 cikin 100, ma'aikaci ya ga albashinsa ya kasa kai shi ƙarshen wata.

Ta yaya ake samun irin wannan adadi? Kowane wata ma'aikatan ƙididdiga suna zaga kasuwanni da kantuna, suna rubuta kuɗin hatsi, shinkafa, mai, sukari, magani, haya da sufuri. Kowane kaya ana ba shi nauyi daidai da rabon da yake ci cikin cefanen iyali. Sannan a gwada jimillar da ta wata shekara da aka ɗauka tushe, wadda ake ba lamba 100. Ƙasashen UEMOA sun yi yarjejeniya kada hauhawar ta wuce kashi 3 cikin 100 a shekara.

Amma ma'aunin matsakaici ne. Shekaru da dama, farashin Yamai kaɗai aka yi ta aunawa. Manomin Tanut ko na Dakoro, wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin damina, kusan duk abin hannunsa tiyar hatsi ke cinyewa. Hatsi na iya ninka kuɗinsa, alhali lambar gwamnati ta ɗan motsa kawai.

Saboda haka, duk ranar da minista ya ce an shawo kan tsada, haƙƙin ƴan ƙwadago da ƴan majalisa ne su tambaye shi: a wace kasuwa, kuma da cefanen wa?