Sa'o'in da ake ƙirga wa ɗalibin tuƙin jirgin sama

Sai kuma wasiƙar wani mai sauraronmu daga Watari, ƙaramar hukumar Bagwai. Ya ce ɗan ƙanensa yana koyon tuƙin jirgin sama a Amurka, har shanu dangi suka sayar don biyan kuɗin. Ga shi yaron ya aiko cewa an ƙi ƙirga masa wasu sa'o'in da ya yi a sama. Shin cuta ce?

To Malam, a kwantar da hankali, da wuya in cuta ce. Shaidar da yake nema ita ce ta tuƙi da na'ura zalla, wato ya iya kai jirgi ya sauke ko ba ya ganin ƙasa. Kai da ka san hazon hunturu, ranar da ba ka hango rimin bayan gari, ka san amfaninta.

Kafin a ba shi, ƙa'idar duniya ta ce sai ya yi sa'o'i 50 na tafiya daga gari zuwa gari, shi ne shugaban jirgin, da kuma sa'o'i 40 na tuƙi da na'ura. A nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya wuni yana zagaya gonarsa a kan keke ya sha wuya, amma fa bai yi fatauci ba. A dokar Amurka, sai ya sauka a wani fili da ya fi nisan mil 50 na ma'aunin jirage, kimanin kilomita 93, daga inda ya fara tashi. Kuma a miƙe ake aunawa, ba bin kwalta ba.

Bari mu kwatanta da gida. Akwai makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964. Da a ce wannan awon za a bi, wanda ya tashi daga can ya sauka Kano, ta shiga lissafi, don nisan ya haura kilomita 130. Wanda ya je Kaduna ya komo, ko sau biyar ya yi, ba ta shiga ba. Haka wanda ya yi shawagi bisa Kano ya juya bai sauka ba.

Sa'o'in dai ba su ɓace ba, suna nan cikin littafinsa, wannan gurbin ne kawai ba su cike ba. Sai ku aika masa cewa ya riƙa auna nisan a taswira tare da malaminsa kafin ya tashi, tunda kowace sa'a kuɗin dangi ce. A gaishe mana da mutanen bakin dam.