AMSOSHIN WASIƘUNKU: Kotu Na Iya Duba Horon Da Aka Yi Wa Fursuna?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ƙanensa ke ɗaure a Amurka. Ya ce an zargi yaron da faɗa a gidan yari, shi ne hukumar gidan ta soke masa rangwamen kwanakin da ya samu saboda kyawun hali. Yana tambaya, shin kotu za ta iya sa baki?

To Malam, mun gode, Allah ya kawo sauƙi. E, kotu na iya sa baki, amma fa ba sabuwar shari'a za ta yi ba. Abu biyu take dubawa.

Na farko, an bi ƙa'ida? A 1974, a shari'ar Wolff da McDonnell daga jihar Nebraska, Kotun Ƙolin Amurka ta ce kafin a soke wa fursuna rangwame, dole a ba shi takardar tuhuma aƙalla awa 24 kafin zama, a bar shi ya kira shaidu in hakan ba zai kawo barazana ga tsaro ba, sannan a rubuta masa hujjoji da dalilin hukuncin. Sai dai ba dole ne a ba shi lauya ba.

Na biyu, akwai hujja? To nan fa gizo ke saƙar. A 1985, a shari'ar Hill daga jihar Massachusetts, wani gandiroba ya ji hayaniya, ya tarar da fursuna jina-jina, ya kuma hango wasu uku suna gudu. Bai ga wanda ya yi dukan ba. Duk da haka aka soke wa Hill kwana 100, Kotun Ƙoli kuwa ta ce ya isa, tunda akwai hujja ko da 'yar kaɗan ce. Ka ga ke nan, cewa "gandiroba ƙarya yake" ba ya fid da mutum. An fi samun nasara inda aka tsallake ƙa'ida.

Saboda haka Malam, ka gaya wa ƙanen naka ya adana kowace takarda, ya fara ɗaukaka ƙara a cikin gidan yarin, don galibi kotu ba ta sauraron wanda ya tsallake wannan mataki. Kuma kada ya yi sanya, akwai wa'adi. A jihar New York, alal misali, wata 4 ne kacal.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.