Nasser da Yaƙin Basasarmu



In an ambaci tsohon shugaban Masar Gamal Abdel Nasser, mashigin ruwan Suwez ake fara tunawa. A watan Yulin 1956 ya ƙwace shi daga hannun kamfanin Turawa. Ingila da Faransa da Isra'ila suka afka wa Masar, Amurka ta tsawatar, suka janye. Sunansa ya game ƙasashen Larabawa, shekara huɗu kacal bayan shi da abokansa hafsoshi sun tumɓuke Sarki Faruk.

Mu nan Filato muna da namu labarin da shi. A yaƙin basasa, ɗan jiharmu Yakubu Gowon, shugaban ƙasa na lokacin, ya sami jiragen yaƙi ƙirar MiG daga Tarayyar Sobiyat, kuma Misirawa ne suka tuƙa da yawansu. Ku lura, a 1967, shekarar da aka fara yaƙin, Isra'ila ta ragargaza jiragen Nasser a ƙasa, amma duk da haka ya turo matuƙan. Taimako ne, babu musu, sai dai bama-baman sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci a Biyafara, kuma ba kasafai muke faɗin wannan ba.

Nasser ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1970, wata takwas bayan an ajiye makamai.