Masu Hidimar Ƙungiyar Dawaki ta Yara a Ingila

A shekarar 1929 aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai suna Pony Club, domin koya wa yara hawan doki da kiwonsa, wadda daga bisani ta yaɗu, har Amurka ta kafa tata a 1954. Abin da ya cancanci nazari, a ganina, shi ne cewa akasarin masu riƙe da rassanta, tun daga shugaban reshe har iyayen da ke kafa shingayen tsalle da sassafe, ba su karɓar ko anini, alhali kuwa amanar da ke wuyansu, wato ran ɗan wani a bisa dabba marar hankali, ba ƙarama ba ce.

Tarbiyyar kuwa daki-daki take tafiya. Tare da hawa ake koya wa yaro ɗaura sirdi da sa linzami, da sharar barga, da duba kofato, da gwargwadon abincin da ya dace da doki. Sa'an nan a jarraba shi daraja bayan daraja, har ya kai ta A, wadda ƙalilan ke samu. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta wadatarwa, domin malamin da bai ƙware ba, komai ikhlasinsa, yana iya koya wa yaro riƙon linzamin da zai ɓata bakin doki, shi ya sa ƙungiyar ta wajabta wa malamanta sabunta horo lokaci-lokaci, har da na taimakon gaggawa idan yaro ya faɗi.