Rabe-Raben Ƙwayoyin Cutar Kifi da Matsalar Sunayensu



Wani zai yi mamakin abin da ya kawo malamin Hausa cikin zancen cutar kifi. To, rabe-raben halittu aikin raɗa suna ne, raɗa suna kuwa gonarmu ce. Sarkawan Yawuri da na Argungu ba su taɓa rikita tarwaɗa da kurungu ba, ko karfasa da giwan ruwa, domin ido na ganinsu. Amma abin da ke kashe kifin ido ba ya ganinsa, saboda haka muka tara shi duka cikin kalma ɗaya, watau ƙwayar cuta. Mai kiwon tarwaɗa a Mahuta ko Zuru, in ya wayi gari ya tarar da kifi sun taso ciki sama, abin da zai ce ke nan. Alhali kuwa kalmar ta haɗe bakteriya da bairos da fumfuna, waɗanda ba dangin iya ba na baba. Yau a kan bakteriya kaɗai za mu tsaya.

Tsarin ba kowace halitta suna biyu ya kafu ne da littafin Linnaeus na 1753. Na farko sunan gida, na biyu sunan jinsi, gidaje kuma a tara su cikin dangi. Bahaushe da ya saba da sunan yanka haɗe da sunan mahaifi ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Rabuwa ta farko kuwa aikin rini ce. A 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya lura cewa in an rina ƙwayoyin nan da shunayya aka wanke, waɗansu kan riƙe launin, waɗansu kuma su sake shi. Masu riƙewa bangon jikinsu na da kauri, masu sakewa nasu siriri ne amma da wata riga a waje. A ganina babu laifi mu kira su masu riƙe shuni da masu sakin shuni, tun da duk wanda ya taɓa leƙa marina zai fahimta nan take.

Yawancin masu ɓarna a tafkunan kiwo masu sakin shuni ne. Babbansu shi ne Aeromonas hydrophila, wanda kashi na biyu na sunansa ke nufin mai son ruwa. Kullum yana nan cikin ruwan, sai kifi ya galabaita saboda cunkoso ko ƙazanta sa'an nan ya kama shi, a ga gyambo a fata, jini ya taru, ciki ya kumbura. Da can an sa gidan Aeromonas cikin dangin Vibrio, inda ƙwayar kwalara take, sai a 1986 aka yanka masa danginsa na kansa. Akwai kuma gidan Edwardsiella. Tun 1965 aka san Edwardsiella tarda, ana ta ɗora mata laifi, sai a 2013 aka gane cewa da yawa daga waɗanda ake samu a jikin kifi jinsi ne daban, aka raɗa masa Edwardsiella piscicida, watau mai kashe kifi.

Amma wanda ya fi kowa shan raɗin suna shi ne mai cinye fikafikan kifi da wurin numfashinsa, ya bar masa fari-fari a gadon baya kamar an ɗaura sirdi. A 1922 aka fara bayyana shi a Amurka da sunan Bacillus columnaris, domin a ƙarƙashin madubin ƙara girma ƙwayoyin kan taru tsibi-tsibi kamar ginshiƙai. Daga nan ya zama Chondrococcus, ya koma Cytophaga, ya koma Flexibacter, kafin a 1996 a zaunar da shi a matsayin Flavobacterium columnare. Ko wannan ma bai tsaya ba, gama a 2022 an raba shi jinsi 4, ɗaya ma aka ba shi sunan gidan karfasa, oreochromis. Kada ɗalibi ya ɗauka ruɗewa ce ta malaman kimiyya. Ma'auni ne ya sake. Da siffa da launi da irin abincin ƙwaya ake dubawa. Tun daga aikin Carl Woese na 1977 aka koma duban ƙwayoyin gado, sai ya zamana waɗanda suka yi kama ba lalle ne su zama 'yan'uwa ba. Mu ma masu nazarin harshe haka muke fama da kalmomin aro da na gado.

Masu riƙe shuni ba su da yawa a nan, amma Streptococcus agalactiae da Streptococcus iniae na yi wa karfasa illa, su taɓa ƙwaƙwalwa, a ga kifi na juyi a ruwa, idanu sun firfito. Mycobacterium marinum kuma wannan rinin ba ya kama shi sosai, yana iya shiga hannun mai sana'ar kifi ta wurin rauni.

To, ina ruwan ma'aikacin gona da wannan duka? Ruwansa shi ne magani na bin suna. Yawancin Aeromonas ba su jin amfisilin tun asali, saboda haka wanda ya sayo shi a kasuwa ya zuba wa kifi ya yi asarar kuɗi, ya kuma koya wa sauran ƙwayoyin cikin ruwan jure maganin da ɗansa zai bukata gobe. Gyambon kifi kuwa bai isa shaida ba, domin gidaje daban-daban na iya kawo gyambo iri ɗaya. Dole a ɗauki kifin da ke gargara, ba wanda ya kwana da mutuwa ba, a kai ɗakin bincike. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa kusa da tafkin Kainji, ga kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. Abin da nake roƙo shi ne, in sakamako ya fito, a bar sunan Latin yadda yake, a biyo shi da bayani cikin Hausa: mai riƙe shuni ne ko mai saki, wane magani yake ji, kuma kwana nawa za a jira bayan magani kafin a kai kifin kasuwa.